Karkiyar Ƙarfe

A hannu na uku na saye ta,
ja, mai ƙofa biyu, cikinta na shafar ƙasa kamar damo.
A miƙaƙƙen titi ba ta da ta biyu.
Amma kai ta kwanar gadar Sundimina
sai ta karkace, ta ba da kafaɗa ɗaya,
jakin da aka cika wa mangala ɓari guda.

Kuɗin riɗina na bana can suka tafi.
Ran Laraba Ilu direba ya sauke mini kayan daga Ƙofar Ruwa:
sanduna biyu masu lanƙwasa, ta gaba da ta baya,
sun fi na asali kauri,
da shuɗɗan robobi a ƙulle cikin leda,
da takardar bayani da ko hedimasta ya juya ya miƙo mini.

Bayan azahar na shimfiɗa buhun taki a gindin darbejiya.
Jak ɗaya gare ni, shi ma na aro.
Na kai hannu ga turmi zan tokare,
Inna ta ce in na taɓa shi in nemi gidan cin tuwo.
Sai gungumen kirya biyu.
Ba na ba jak amanar ƙirjina.

Notin farko ya zo salin-alin, ya yaudare ni.
Na biyu tsatsa ta riƙe shi
tun motar na ƙasar da ake zuba wa titi gishiri.
Na ba shi kananzir, na yi la'asar, na dawo,
na zura wa sifana bututun famfo, na danna da ƙafa.
Ya saki da ƙara.
Fatar yatsana ta bi shi.

Magariba ta same ni a rigingine,
giris a gira, ƙasa a baki.
Hansatu na riƙe da fitilar waya.
Haska ramin, na ce, ba fuskata ba.
Ramin ya ƙi haɗuwa da ɗan'uwansa.
Saura kaurin tsinke, amma ya ƙi.

Kawu Barau ya dawo da shanun huɗa,
ya ɗaure su, ya tsuguna, ya leƙo.
Bai taɓa riƙe sitiyari ba.
Wannan ƙarfen me yake yi?
Na ce yana haɗa tayar dama da ta hagu,
in ɗaya ta nutse, ɗayar ta hana ta.
Ya yi shiru har sauro ya cije ni sau biyu.
Ya ce: ashe karkiya ce.
To ai a kife ka ɗora ta.

Na kwance duk abin da na ɗaura.
Ban ce komai ba, Hansatu ce ta yi dariyar.
Da na juya ta, ƙusa ta shige kamar tana jira.
Na ɗauki sifana zan tamke,
ya dafa mini idon sawu:
ba a ɗaure wa sa karkiya yana kwance,
sauke ta ta tsaya da ƙafafunta tukuna.

Da hantsi muka fita,
Hansatu a gefe da kwanon kunu a cinya, wai shaida.
Ga gada, ga kwana.
Na karya sitiyari ina jiran kafaɗar nan ta faɗi.
Ba ta faɗi ba.
Kunu ya leƙa bakin kwano, ya fasa, ya koma.

A hanyar burji ta komawa gida aka biya bashin.
Duk ramin da tayar hagu ta faɗa
sai ta dama ta ji, ni ma in ji a ƙugu.
Na faɗa wa Kawu.
Ya ce haka karkiya take, ka tambayi shanuna.

Da dare, ina cire wando,
wata 'yar wosha ta faɗo daga aljihu,
sabuwa fil, ta gangara ƙarƙashin gado.
Har yanzu ban san inda ba ta ba.